Ƙaho Shida a Gadon Bayana

Shekarar da na gama sakandare na kasa zama wuri ɗaya. Mun baro Gurbin Bore saboda 'yan bindiga mun tare a Kaura Namoda, gonarmu ta gero tana can ciyawa ta cinye ta, ni kuwa wuni nake ina zagaya gari kamar kaza mai neman wurin saka ƙwai. Takardu biyu ne a aljihuna: ta gurbin karatu da na samu a poli, da ta kiran tantancewar shiga soja a Gusau. In soja suka ɗauke ni, daga can sai horo, karatu ya wuce ke nan.

Soja zuciyata take so, ba na ɓoyewa. Na gaji da gudun hijira. Na gaji da ganin mahaifina, mutumin da ke cika rumbu uku, yana zaune a ƙofar gidan haya yana murɗa rediyo. Ga yayyenmu da suka gama poli suna kabu-kabu zuwa Sakajiki, takardunsu na kwance a akwati. Amma in na bi ta bakin makarantar na ga ɗalibai rungume da littattafai, sai in tsaya ina kallonsu, don malaminmu na lissafi ya sha cewa kaina yana ja. Da safe ni soja ne, da la'asar ɗalibi.

Maƙwabcinmu tsohon soja ne, Kirista daga Filato, yana facin taya a bakin titi. Baba Saje muke ce masa. Shi ya ɗauki nauyin horar da ni. Bayan sallar asuba ina gudu a gefen layin dogo, yana biye da ni a keke yana tsiya: "Akuya mai ciki ma ta fi ka sauri!" Da na tambaye shi wanne zan ɗauka, cewa ya yi shi kaki ya sa, bai yi karatu ba, kar in sa shi a ciki.

Mahaifina kuwa bai ce e ba, bai ce a'a ba. Duk sanda na ɗauko zancen sai ya ce, "Allah shi zaɓa muna abin da yaf fi alheri." Addu'a ce, ba a musu da ita, amma haushi take ba ni.

Ana jibi tantancewa ya kira ni. "Gudun ga da kaka yi ya tara ma mataccen jini. Tashi mu tahi wurin wanzami a yi ma ƙaho, jikinka shi saki."

Daɗi ya kashe ni. Na ɗauka albarkarsa ce ya sa mini a fakaice. Na tuɓe riga a rumfar wanzami, ya tsattsaga ni da aska, ya kafa ƙaho ya zuƙa. Huɗu ya yi niyya. Mahaifina ya nuna kafaɗuna ya ce, "Ƙara mishi biyu nan."

A Gusau na yi gudu na fito cikin na gaba. Aka auna tsawona, na wuce. Sai aka ce kowa ya cire riga. Sojan da ke dubawa ya zagaya bayana, ya danna yatsa a inda bai warke ba har na zabura.

"Mene ne wannan?"

"Ƙaho ne, yallaɓai."

Ya ce ba sa ɗaukar mai ɗanyen rauni, in ɗauki rigata. Na yi kuka a mota, ba na jin kunyar faɗa.

Wurin Baba Saje na fara sauka. Ya ɗaga rigata ya duba, bai yi dariya ba. "Sati biyu da suka wuce," in ji shi, "babanka ya zo ya zauna a kan tayar nan, ya ce in gaya masa abubuwan da ke sa a kori yaro wurin tantancewa. Na gaya masa duka. Na zaci so yake ka kiyaye."

A gidanmu ɗa ba ya tuhumar uba. Ranar dai na tsuguna gabansa na ce, "Baba, ka san kora ta za su yi?"

Bai dube ni ba. "Da na ce ma kak ka tahi, da ka tahi." Sannan ya ce, "Rajistar makarantar ga, yaushe aka ruhewa?"

Na ce Juma'a. Na yi ta ranar Alhamis, fuskata a murtuke.

Shekara ta zagayo, aka sake buɗe fom ɗin soja, bayana ya warke sumul, babu wanda zai hana ni. Sau uku ina zuwa shagon kwamfuta da ake cikewa, in tsaya a bakin ƙofa, in juya. Har yau ban san ko karatun ne ya riƙe ni ko mahaifina ba. Ban taɓa ce masa na yafe ba, shi ma bai taɓa nema ba.