Yadda mahaifiyata ta zama maharbiya

Shekarun baya, lokacin da gwiwoyina suke jin magana, ni ne kyaftin ɗin ƙungiyar ƙwallon layinmu a nan unguwar Brik, cikin Yaoundé. Da asuba ina mayanka a Etoudi, da rana ina kan tebur ina sayar da nama, da la'asar kuwa ko me za a yi ina fili. A wani dogon hutu muka ci kofin unguwanni, muka doke 'yan Messa da ƙwallo ɗaya tilo, kuma ni na jefa ta. Su suka ce satar gida ce, ni kuma har gobe ina cewa ba satar gida ba ce. Rigima ta yi rigima, har ɗayansu ya rantse sai ya kai mu gaban hukuma. Kofin dai ɗakina ya tare, a kan talabijin, kullum sai na goge shi da gefen riga kafin in fita.

Mahaifiyata ita ma tana da abin da take ji da shi, wato buzun mahaifinta. Ba na rago ba ne irin wanda aka saba gani, fatar gwanki ce. Kakana maharbi ne a ƙuruciyarsa can arewa, kafin ya rataye baka ya gangaro Yaoundé ya kama fatauci. Gwankin nan shi ne na ƙarshe da ya harba, ya sa aka jeme fatar, aka yanka masa ita daidai salla. Da ya rasu aka zo rabon gado, ta ce ita a bar mata buzun ya ishe ta. Ba mu da hotonsa ko ɗaya, buzun nan shi ne hoton. A kansa take salla tun kafin a haife ni, kuma duk iya shegen da muka yi muna yara, ba wanda ya taɓa gigin taka shi.

Da gefen buzun ya fara zaizayewa, sai ta ba ni ta ce in kai wa abokina baduku ya yi masa baki da jar fata. Shagonsa yana cikin layin masu sayar wa baƙi jakunkuna da takalma. Na kai, na ja masa kunne, na manta da zancen.

Bayan 'yan kwanaki sai ga shi a teburina, yana ta kallon ƙasa kamar ya yar da allura.

"Mutanen hukuma sun zo. Sun ce ka je gobe da safe."

"Wace hukumar?"

"Masu koren kaya. Wai détention de trophée."

"Me na yi musu?"

"Ka san faransancina na ciniki ne. Ni dai abin da na ji ke nan."

Ya kwatanta mini ginin da benen da zan hau, ya juya ya tafi. Ko 'yar hantar da ya saba cewa in ƙara masa bai tambaya ba. Da ina da hankali, nan zan gane akwai wata a ƙasa.

To ni faransancina ba na ciniki ba ne, na makaranta ne, ko da yake ni da makarantar ba mu rabu da daɗi ba. Na san trophée, kofi ke nan. Na san détention, kulle ke nan. Na haɗa biyun na ce shi ke nan, 'yan Messa sun cika alkawari, za a rufe ni a kan kofi.

Da na gaya wa mahaifiyata ba ta yi kuka ba, ba halinta ba ne. Cewa ta yi, "Na sha gaya maka ƙwallon nan ba inda za ta kai ka, ashe akwai inda za ta kai ka." Washegari kafin in gama wanka ta cika kula da dambun shinkafa, ta naɗe bargo, ta sa sabulu da carbi a leda.

"Inna, ba fa an yanke mini hukunci ba ne."

"Auta, in sun rufe ka, da yunwa za ka kwana? Ɗauko kofin mu tafi. In shi suke so a ba su abinsu."

Haka muka tari taksi, ita rungume da kula, ni rungume da kofi. Mutanen da ke ciki suka ɗauka biki za mu. Wata mata ta ce, "Félicitations, champion!" Direba ya dinga danna oda har muka fita daga unguwa. Ni kuwa ina ta murmushin dole.

Da muka hau benen na ga hoton zaki a bango, na ce to mun zo, ai ƙwallon ƙasar nan da zaki aka san ta. Akwai hoton giwa da na kada ma, amma ban tsaya tambayar kaina su kuma a wace ƙungiya suke ba. Aka shigar da mu wajen wata jami'a mai koren kaya. Daga gaisuwarta na gane 'yar arewa ce, Hausarta da gishirin Fulatanci, har mahaifiyata ma "Dada" take ce mata.

Ban jira an tambaye ni ba. Na dire kofin a kan teburinta na ce, "Madame, ga shi. Amma kafin a rufe ni ina so a san gaskiya." Na ɗauki bironta na ce wannan mai tsaron baya ne, na ɗauki hatiminta na ce wannan ni ne, na nuna mata inda nake lokacin da aka bugo ƙwallon. Na yi bayani har da rantsuwa. Baiwar Allah ba ta katse ni ba sai da na kai aya, sannan ta ce, "Monsieur, nan ofishin gandun daji ne."

Ta kifa kai a kan teburin tana dariya har kafaɗunta na rawa. Da ta samu numfashi ta buɗe wani kabad, ta ciro abu a naɗe ta ajiye kusa da kofina. Buzun ne. Ashe sun zagaya layin dukawa ne suna neman fatar mesa da ta kada, suka gan shi a rataye, abokina ya ce nawa ne. Shi kuma ya san matsayin buzun a gidanmu, bakinsa ya kasa faɗa mini an ɗauke shi.

Mahaifiyata ta sauke kular daga cinyarta a hankali.

Jami'ar ta yi mana bayani dalla-dalla. A dokar farauta, in ji ta, trophée ba kofi ba ne. Duk abin da aka cire daga jikin naman daji aka ajiye, fata ko ƙaho ko haƙori ko jela ko gashin tsuntsu, sunansa ke nan. Détention kuma ba kulle ba ne, riƙe abu ne a hannunka ko a gidanka. Ni da fata ke wucewa ta hannuna kowace safiya, ban taɓa sanin tana da wani suna a gwamnati ba. Ta ce namun daji kashi uku ne, classe A da B da C. Na A ba a taɓa su, na B sai da izini, na C su ne aka sassauta.

"Har namun daji an sa su aji?" in ji mahaifiyata. "To gwankin a aji nawa yake?"

"B, Dada."

"Ya ma fi wannan ƙoƙari," ta nuna ni da haɓa.

Jami'ar ta jawo biro ta ce, "To waye mai fatar?"

Na yi wuf na ce ni ne. Na riga na zo da bargo, ban ga dalilin da zai sa a rubuta sunan tsohuwa ba. Mahaifiyata ta juyo ta dube ni.

"Kar ka yi ƙarya a kan buzun salla. Nawa ne, 'yata. Rubuta."

Jami'ar ta ce akwai wata kalma da ya kamata Dada ta sani kafin ta rubuta. Réputé. Duk wanda aka samu da wani sashe na dabbar aji A ko B, doka tana ɗaukarsa a matsayin wanda ya kashe ta, ko an gan shi ko ba a gan shi ba.

"Wato ni na harbi gwankin?"

"A wajen doka, Dada."

"Ni? Ni da ƙadangare ke kora daga tsakar gida? Auta, gaya mata ranar da ɓera ya shiga ɗakina a ina na kwana."

Duk muka fashe da dariya, har wani da ke wucewa ya leƙo. Sai mahaifiyata ta goge ido ta ce, "To na ji, ni na harbe shi. A ba ni kayana mu tafi."

Nan dariyar ta tsaya. Jami'ar ta ce ba ta da ikon bayarwa. Fatar dabbar aji B ba ta zama a hannun mutum sai da certificat d'origine, takardar da ke nuna asalinta. In babu, hukuma ce ke riƙewa, kuma ba a cika mayarwa ba.

Ban taɓa ganin mahaifiyata ta tsufa a gabana ba sai a wannan lokacin. Wallahi da rufe ni ɗin aka yi da ya fi mini sauƙi, don ni na ɗauko buzun daga ɗakinta da hannuna. Ta miƙe ta ɗauki buzun. Jami'ar ba ta hana ta ba. Ta shimfiɗa shi a ƙasan ofis ta durƙusa a gefensa.

"Asali kike nema? Zo ki gani."

A jikin fatar akwai wurare biyu manya da gashi ya ƙare ƙaf, har suna sheƙi. A tsakaninsu, ɗan ƙasa kaɗan, akwai wasu biyu ƙanana.

"Waɗannan gwiwoyin babana ne. Waɗannan nawa ne, ban taɓa ɗora nawa a kan nasa ba. Ke da kika san namun daji, gaya mini, shekara nawa gwiwa take yi kafin ta cinye gashin gwanki? Lokacin da aka harbi dabbar nan, wanda ya rubuta dokarku ko tatata bai fara ba."

Jami'ar ta zagayo daga bayan tebur. Abin da ba na mantawa shi ne, sai da ta cire takalmanta kafin ta matso. Ta shafa wuraren, ta juya fatar ta duba jimar. Daga baya ta ce ita ba za ta yi alkawari ba, amma za ta kai maganar gaban shugabanta, mu kuma mu nemo dattawan da suka san buzun a hannun kakana. Kafin nan dole ya kwana a kabad. Mahaifiyata ta naɗe shi da kanta, ta miƙa mata, ta ce, "Kar a ɗora masa komai." Dambun kuwa a ofishin muka bar shi, ta ce ba za ta koma gida da abincin fursuna ba.

Makonnin da suka biyo baya gidanmu ba daɗi. Na sayo mata darduma mai laushi, ta ce santsi gare ta. Abokina ya daina bin layinmu, sai ya zagaya ta bayan masallaci. Amma shi ne ya bi gida gida har ya samo tsofaffi biyu da suka yi sahu ɗaya da kakana. Ɗayan ba ya ji sosai, da aka tambaye shi ko ya san buzun sai ya ba da labarin farautar tun daga fitowar gwankin, har da kukansa, alhali ko arewar bai taɓa zuwa ba.

Ranar da aka kira mu, jami'ar ta miƙa wa mahaifiyata buzun da takarda mai hatimi. Sannan ta buɗe kabad ta ciro kofina, wanda sai a lokacin na tuna a can na bar shi. Ta ce, "Champion, wannan ba ya cikin kowane aji, tafi da abinka." Abokina ya ƙarasa bakin buzun a tsakar gidanmu, mahaifiyata na zaune tana sa masa ido, ya kuma ɗinka ɗan aljihu a ƙasa kamar laya, aka sa takardar a ciki. Labari ya zagaya Brik, mata suka koma gaishe ta da "Sannu maharbiya, ya daji?" Ita kuma ta ce, "Daji lafiya, sai ƙadangaru."

Tun daga nan na rage cika baki da faransanci. Na gane kalma tana da fuskar da take nuna mana a titi, tana da wadda take nunawa a ofis, kuma ta ofis ɗin ce ke iya raba mutum da abin da ya fi so. Yanzu in mafarauci ya kawo mini nama ko fata, sai na tambaye shi ajin dabbar kafin in taɓa. Ban kuma ji haushin dokar ba. Da ana yi wa kowace fata irin tambayar da aka yi wa tamu, da jikokinmu ma sun ga gwanki da idonsu.

Mahaifiyata tana nan da ranta, sai dai gwiwa ta ƙi, a kan kujera take salla. Kofin yana ɗakinta, a ciki take zuba maɓallai da zare. Bara ta kira ni ta miƙo mini buzun a naɗe, ta ce, "Ungo trophée ɗinka, wannan ba mai cewa satar gida ce. Akwai sauran gashi, ka nemi wurin gwiwarka."

Na yi dariya na karɓa. Da magariba na shimfiɗa shi na ta da salla, da niyyar in nemi sabon wuri kamar yadda ta yi. Da na durƙusa, gwiwoyina ba su tambaye ni ba, a gurbin na kakana suka sauka, daidai wa daida.