Ranar da Na Share Awakin Waca da Yatsa Ɗaya

Ko tsufa zai kwashe mini komai daga ka, akwai hantsi guda da na san ba zai iya ɗauka ba, wato hantsin da na zauna a tsakar gidana a Magariya na share awaki da tumakin ƙauyukan Waca da ɗan yatsan nan nawa. Shekaru sun ja, amma har gobe in ƙanena ya shigo gidan sai ya dafe aljihun da salularsa take, wai kada in hango ta.

Ni mace ce ta gida. Ban yi nisa a lakwal ba, karatun takarda sai da ƙyar, amma kunne kam Allah ya ba ni. 'Yata ta fari ita ta yi karatun da ban yi ba. Ta je Damagaram ta koyo aikin ordinatar, wato kwamfuta, ta dawo tana zaman jiran aiki. A wannan zaman ne ta shiga cikin wasu mutane, wasu a Yamai wasu a ƙasashen da ban san sunansu ba, waɗanda suka haɗa hannu suka ƙera wani lojisiyel, wato manhaja, na salula. Masu yi wa dabbobi allura a ƙauyuka ne ke aiki da shi, suna sa bayanin kowace dabba a ciki, in sun samu rezo, wato layin sadarwa ya kawo, su tura wa manyansu.

Lojisiyel ɗin yana da bayanin yadda ake aiki da shi, kuma akwai wani inji a cikin ordinatar da ke ɗaukar rubutun ya tsara shi shafi-shafi. Aikin yarinyar shi ne ta riƙa yi wa injin nan ƙari. Da na ce ban gane ba, sai ta nuna mini keken ɗinkina ta ce, “Inna, in za ki sa zif, keken kike fasawa?” Na ce a'a, ƙafa nake sauya masa. Ta ce, “To, ƙafafu nake ƙera musu.” Ƙafar farko tana sa duk wani gargaɗi a cikin jan akwati. Ta biyu tana yanka dogon shafi ya dace da ƙaramar salula. Duka biyun sun karɓu. Ta uku ce babba: za ta mai da rubutun ya zama murya, saboda masu allura da yawa sun fi son a gaya musu a kan su karanta.

Shugaban aikin ya ce mata in wannan ta ukun ta yi kyau, za su ɗauke ta, ta yi musu aiki daga gida. In ba ta yi ba, goggonta ta riga ta nema mata wuri a wani biro, wato ofis, a Yamai, jaka kawai za ta ɗauka. Ni kuwa ko kusa ba na son tafiyar nan. Amma 'yar fari ce. A wurinmu ko sunanta ba na kira, balle in buɗe baki in ce ina son ta kusa da ni. Sai dai in ƙara mata nono a fura in yi shiru.

Ran nan ƙanena ya iso daga Waca a kan moto, ya sha rana. Shi ma mai allurar dabbobi ne. Ya gama zagayen ƙauyukansa kaf, rezo ya ƙi, bai tura komai ba, ga salular tana ta yi masa kukan ta cika. Yarinya na jin haka sai ta ce, “Kawu, ka zo a daidai. Akwai babin da ke koyar da yadda ake rage wa salula kaya. Ara mana ita, Inna ta gwada. Ina son wanda bai san abin ba ya bi muryar.”

Ya miƙo yana cewa, “Ku bi ta a hankali, dukiyar mutane ce a ciki.” Ya ɗauki buta ya zaga baya. Ita kuma ta kunna muryar a tata salular, ta ajiye kusa da ni, ta shiga ɗaki ɗauko wayar caji.

Muryar ta fara, wata irin murya marar gishiri, ba hawa ba sauka. Ta ce a buɗe wurin ajiya. Na buɗe. Ta ce a danna hoton tsintsiya. Ga tsintsiya nan ƙarara, na danna. Ta ce a danna kore. Na danna kore, har ina jin daɗin kaina. Sai muryar ta ci gaba, ko numfashi ba ta sauya ba: “Kada a yi wannan kafin a tura bayanai, domin abin da aka share ba ya dawowa.”

Na dubi salular, na dubi yatsana. Yarinya ta tsaya a bakin ƙofa da waya a hannu, ta ji abin da na ji. Ta karɓa ta duba, ta sake dubawa, sai ta zauna a ƙasa.

Kawunta ya dawo yana yarfe ruwa a hannu. Da ya leƙa ya ga fili fetal, sai ya ce, “Yaya, garken Waca gaba ɗaya kika kora? Ko ɗan akuya ba ki bar mini na iri ba?”

Na ce, “Ni ban kori komai ba. Abin da aka ce in yi, shi na yi. Ka tambayi waccan mai maganar.”

Ya ce, “Tun muna yara haka kike, ki fasa tulu ki ce ƙasa ce ta taso.”

Ban yi dariya ba, don na ga idon yarinya ya kawo ruwa. Ta juyo da ordinatar tana nuna mana shafin, tana cewa ai ga gargaɗin nan a jan akwati, duk wanda ya buɗe shi zai fara gani. Gaskiyarta ne. A takarda akwatin yana ƙasa da matakan, amma ja ne, ido yana cin karo da shi tun kafin hannu ya motsa. Ita muryar kuwa daga sama ta ɗauko, tana bi layi-layi har ƙasa.

Na ce, “Ke, ido yana hango rijiya daga nesa. Kunne sai an gaya masa. In zan aiki yaro gidan da ke da kare, a bakin ƙofa nake faɗa masa, ba sai ya dawo da yagaggen wando ba.”

Ta ce ita dai ta haƙura, gara ta haɗa jakarta. Na ce, “Wa ya taɓa jefar da keke don ƙafa ɗaya ta ci zare? Tashi ki wanke ido.”

Ta tashi. Da farko ta so ta bi rubutun gaba ɗaya ta mai da kowane gargaɗi sama, sai ta tuna rubutun ba nata ba ne, na jama'a ne, kuma a takarda lafiyarsa ƙalau. Don haka ƙafar tata kaɗai ta gyara. Ta koya mata cewa in za ta yi murya, ta fara leƙa babin, duk inda ta ga jan akwati ta ɗauko shi ta faɗa kafin matakin da ya shafa. Ta kunna mini. Na ce tsarin ya yi, amma muryar nan da take hani da wadda take umarni duk ɗaya ce, mutum yana tsakiyar garke ba zai bambance ba. Ta dube ni ta ce, “Inna, yi mini irin wadda kike yi mana in mun nufi wuta.”

Haka aka ɗauki muryata. Mun sha fama, don zakaran maƙwabta ya rantse sai ya shiga aikin. A ƙarshe dai aka samu: “Dakata tukuna.” Sai ɗan shiru, sannan gargaɗin ya biyo. Shi kuwa ƙanena ya koma ya sake bin ƙauyukan nan ɗaya bayan ɗaya yana tambayar masu dabbobi, yana shan tsiya, ana ce masa ko awakin ne suka cinye salular.

Da ta tura aikin, shugaban ya kira ta. Ina jin su daga madafa. Ya ce dokarsu ita ce ƙari ya yi ado, kada ya sauya jerin magana. Ta ba shi labarin abin da ya faru tiryan-tiryan, ba ta ɓoye cewa aikinta ne ya jawo ba. Ta ce rubutun yana nan yadda yake, ko wasali ba ta taɓa ba, kuma duk wanda bai so, ya cire ƙafar ya ajiye. Ban taɓa jin ta yi magana da irin wannan ƙarfin zuciya ba. Ya ce za su tattauna da sauran.

Jiran nan ya yi mini tsawo. Wata safiya ina tankaɗe, tana zaune tana tsince mini wake, na hango jakar a jingine bayan ƙofa. Sai na ce a raina, ni da na iya gaya wa mutane su yi magana kafin a danna, me nake jira? Sai mota ta tashi daga tasha? Ban ɗago kai ba na ce, “Ke, ko sun ɗauke ki ko ba su ɗauke ki ba, ni dai ba na son tafiyar nan.”

Hannunta ya tsaya a cikin waken. Can ta ce, “Da kin faɗa tun da wuri, Inna, da ban sha wahalar wanke jaka ba.”

Sun ɗauke ta daga baya, ƙafar tata ma har a wasu harsuna an yi aiki da ita, kowa da muryar tasa uwar. Amma ta gaya mini ko da amsar ta zo akasin haka, tun safiyar nan ta yanke ba za ta je ko'ina ba. Yanzu tana da gidanta a bayan layinmu, ina jiyo muryar 'ya'yanta daga nan. Abin da na koya kuwa shi ne, magana komai kyanta tana da lokacinta. In kana da abin faɗa wa mutum, ka faɗa tun hannunsa bai kai ba.