Injin Ban-Ruwa da Hannun Yaya

Yayana ya bar cin abinci a zaure shekara biyu kafin abin da zan faɗa. A gidanmu na Kagara ciyayya muke yi tun zamanin mahaifinmu. Kowane sashe ya fiddo akushi, maza su zauna su sa hannu wuri guda, babba ya fara. Shi ne babba. Da hannunsa na dama ya soma rawa sai ya riƙa ɓoye shi ƙarƙashin cinya. Ranar da miya ta tsiyaye mishi daga loma ta ɓata rigar baƙo, ya tashi ya shige ciki. Bai sake fitowa cin abinci ba.

Likita a Sakkwato ya ce sunan ciwon Fakinsin, a ƙwaƙwalwa yake, ba ya warkewa, amma ƙwaya tana sassauta shi. Shina shan ta sau uku a yini. Tana ɗan yi. Yana iya tahiya masallaci, yana iya ɗaure wando da kansa. Zaure ne dai ya ƙi.

Wata rana na kai albasa kasuwar Gandi, na haɗu da wani malamin asibiti da munka yi firamare tare. Na ba shi labari. Ya ciro waya ya nuna mini wasu tsofaffin Turawa zaune, an sa musu wani abu a ido da kunne. Ya ce haske ne ke ƙyaftawa da sauri, da ƙara mai bugawa daidai da shi, wai suna tada ƙwaƙwalwa.

Na ce, "Ina aka samu nai?"

Ya ce, "Ba a samu. Gwaji akai har yanzu, su ma can ba su tabbatar ba. Kar ka sa rai."

Wannan na ƙarshen na ji shi sarai. Ban ɗauke shi ba ne kawai.

A mota ina ta tunani. Ƙara mai bugawa ba tsayawa, ai ina da ita a fadama, injin ban-ruwa. Haske mai ƙyaftawa kuwa, tocilata ta caji in an danna sau uku haka take yi. Na ga Turawan nan ba su fi mu da komai ba sai kujera.

Na gyara bukkar da muke aje albasa, na lulluɓe ta da buhunna don ta yi duhu, na jawo injin bakin ƙofa. Matar Yaya ta ce, "Kai da ko allura ba ka iya kallo, yau kai ne likita?" Na ce ta bar ni. Shi Yaya dai ya hau bayan babur.

Kowace safiya in na tada injin sai ya zauna ciki, tocila rataye gabansa. Don kada ya zauna haka nan, na miƙa mishi bakin tiyo ya riƙe, ruwa na fita ta ƙasan buhu zuwa fangalin albasa. Rana ta uku na leƙa. Hannun ya tsaya cak a kan tiyon. Na daɗe ina kallo. Shi ma shina kallo.

Ya ce, "Ka gani?"

Na ce, "Na gani, Yaya."

To a nan na yi abin da na yi. Mu a wurinmu ba a haɗa magani biyu. In kana shan na wani mai magani, ka tahi ga wani, sai ka aje na farko, don kada su yi faɗa a jiki, kuma don a san wanne ya yi aiki a gode wa mai shi. Haka munka taso. Na ce ya aje ƙwaya. Matarsa ta ce likita ya hana a tsallake ko sau guda. Na ce likita bai ga abin da na gani ba. Yaya ya dube ta ya ce ta ba ni kwalbar. Na sa a aljihu.

Na kuma kasa riƙe bakina. Na shaida wa mutanen zaure cewa ranar Juma'a babba zai dawo. Anka yanka zakara biyu. Taubashinmu, wanda ba ya barin kowa ya huta, ya ce zai sa tsohuwar riga don tsaro.

Tun Laraba na lura ƙafarsa tana jan ƙasa. Na ce gajiya ce. Juma'a bayan masallaci ya fito cikin farar riga, ya iso bakin zaure, ya tsaya. Ƙafafun sunka ƙi ɗagawa, kamar an dasa su. Mutum tara na zaune suna kallo. Na kama shi na zaunar.

Taubashin ya ce, "Sannu da dawowa daga Turai. Mi ka kawo muna?"

Ba wanda ya yi dariya sosai. Anka buɗe akushi, anka jira shi. Ya miƙa hannu. Hannun ya riƙa bugun gefen akushin, ƙwas ƙwas, bai kai ga tuwon ba. Doka ce ba mai ci sai ya ci, don haka kowa ya zauna, tuwo na hucewa. Na so in gutsuro in sa mishi a hannu, na ga in na yi haka gaban mutane na gama da shi.

Ya ce, "Ku ci." Ba wanda ya motsa. Ya sake cewa, "Na ce ku ci." Sannan ya ce da ni, a hankali, "Kai ni ciki."

Mu biyu munka ɗauke shi.

Da na koma da shi Sakkwato, likita bai yi mini faɗa ba, da ma ya yi. Ya ce irin wannan rawar takan lafa in mutum ya riƙe abu, ko tiyo ko sanda ko mi ne ne, in ya saki ta dawo. Ya ce yanke ƙwaya farat ɗaya yana iya kashe mutum. Na tambaye shi batun hasken. Ya ce wataƙila wata rana, amma ba tocila ba.

An mai da shi kan ƙwaya. Bai koma yadda yake ba. Masallaci yanzu sai Juma'a, sai an riƙe shi. Bai taɓa ce mini laifina ne ba, matarsa ma ta daina faɗa, gaisuwa kawai muke yi.

Bayan sati biyu ya aiko matarsa zaure da saƙo. Ta tsaya daga bayan ƙofa ta ce, "Ya ce a daina jiran shi. Ya ce daga yau kai za ka riƙa farawa."

Ni nake farawa yanzu. Ɗakinsa bango guda ne da zauren, muna jin cokalinsa na bugun akushi.