Ƙayar kurungu a ƙafar Baba

Ni 'yar Garu ce, nan kusa da Malanbil, amma yanzu Paraku nike, ina karatun aikin jinya. Cikin taksi nike rubuta wannan a waya, tun abin na da zafi a raina.

Gidanmu masunta ne. Da an sallame magariba, Kaka, uwar Baba, sai ta zauna gaban wutar bandar kifi, mu jikoki mu kewaye ta. Hayaƙi na shiga ido, sauro na cizo, ba mai tashi.

Ina da shekara tara kurungu, kifin nan mai ƙaya, ya soki Baba a dunduniya. Ƙafa ta yi ja, ta ɗau zafi, ta kumbura. Kowane masunci ya san wannan, kwana biyu ta sace. Amma tashi sai da ta kai sati uku tana sheƙi, takalmi ba ya shiga. A gasa da ruwan zafi, a shafa man kaɗe, ya ɗaure da tsumma ya koma gulbi. Inna ta ce ya tahi likita.

Ya ce, "Ɗan ruwa ya kai ƙarar kifi likita? So kike a yi mini dariya bakin gulbi?"

Mutum ɗaya Baba ke jin maganarta, Kaka. To amma shi ɗan fari ne. Ba ta faɗin sunanshi, ba ta duban idonshi, balle ta ce mai yi kaza. Kunya irin ta mutanen da.

Ran nan Baba na kan tabarma can gefe, ya miƙe ƙafar yana ɗinkin taru. Sai Kaka ta ɗaga murya fiye da kullum.

"Ga ta nan tahe, mai kunne shi tara."

Munka ce, "Ta iso lafiya!"

Wai an yi wani gari mai magudanan ruwa a kowace unguwa, irin na fadamar shinkafa. In gobara ta tashi, makaɗi ya buga ganga, a buɗe ƙofar ruwa, samari su sheƙo. Wuta ta mutu, ganga ta yi shiru, a rufe. Wata rana rumbun wani mutum ya kama, anka kashe, amma garwashi ɗaya ya ɓuya ƙarƙashin rumbun yana hayaƙi siriri. Makaɗi ya gaji, amma kafin ya aje ganga ya riga ya tada makaɗi na biyu, na biyu ya tada na uku. Ƙofar ruwa na nan buɗe. Samarin da sunka zo taimako kuwa, garin kai da komo sunka tattake bakin magudanai har sunka zube, ruwa ya malale ɗakuna. Mai rumbu kullum yana kwasar ruwa da ƙwarya, amma ya hana a leƙa ƙarƙashin rumbu, wai kar a ce ya kasa da kayanshi.

Na ce, "Kaka, ke nan ruwan ne mugu?"

"Ke, sarkin tambaya! Ruwa taimako ya zaka. Ganga ma ba ƙarya ta yi ba. A fidda garwashi, kowa shi koma gida." Ta juya kifi, idonta na kan wuta. "Amma na san wani, kanshi ya hi ƙafarshi kumburi."

Inna ta toshe baki da gyale.

Can Baba ya ce, yana duban taru, "A gaya wa mai tatsuniya an ji."

Kaka ta ce, "A gaya wa mai ji, moto na tashi da sahe. Ƙurunƙus, kan kurungu."

Da safe ya hau moto zuwa Malanbil. Mai jinya ya tsaga wurin, mugunya ta fito, da tsinin ƙaya wanda bai kai ƙwayar shinkafa ba. Ya ce da an ƙara jinkiri, ciwon na iya kai ƙashi. Cikin kwanaki ƙafa ta sace.

Yau a aji malami ya tambaye mu me ke sa jijiyoyin jini su daɗe a buɗe suna yoyo lokacin kumburi. Ni kuwa hayaƙin banda na ji a hancina. Na ɗaga hannu na ce abin da ya shiga jiki bai fita ba. Sinadarin da jiki ke fara sakewa yana ƙarewa da wuri, amma wasu na karɓa. Kuma bangon jijiya kan ji rauni, wani lokaci ma daga ƙwayoyin jinin da sunka zo yaƙin.

Ya ce, "Wane littafi kika karanta?"

Na ce, "Na Garu ne, ba a buga shi ba."

Kaka ta rasu ba ta taɓa riƙe alli ba. Da ina ganin kunyarta kamar tana ɗaure mata baki, ashe hanya ta canza mata kawai. Ina fita aji na kira Baba na ba shi labari. Ta wayar ina jin ruwa na bugun jirginshi.

Sannan ya ce, "Har ta tahi ba ta kira sunana ba. Amma ƙafar ga da nike tsaye, tata ce."