Maccido da Sarauniyoyin Zumarsa

Maccido mai gyaran keken ɗinki ne a Kaura Namoda, amma duk wanda ya zauna a rumfarsa ba maganar keke zai ji ba, sai ta ƙudan zuma. Tun yana Zurmi, garin haihuwarsa, yake rataya amya a itatuwan bayan gari, ba don sana'a ba, don dai ransa na so. Da daji ya gagari shiga saboda 'yan bindiga, sai ya kwaso iyalinsa ya dawo Kaura, da akwatunan zuma biyu ɗaure a bayan babur. Ya ajiye su a kangon da ke bayan gidansa.

A cikin gari kuwa babu ƙudan da za su zo su shiga akwati da kansu kamar a daji. In yana son ƙari, sai ya raba na hannunsa, kuma kowane rabo sai da sarauniyarsa, wato uwar da ke saka ƙwai. Abokinsa Faruku, wanda ya taɓa zuwa horon kiwon zuma a Gusau, ya kwatanta masa yadda ake yi: a narka kaki a yi 'yan ƙoƙuna, a ɗauko jaririyar tsutsa daga saƙa a sa a ciki, a miƙa wa ƙudan da aka raba da uwarsu, su ciyar da ita har ta zama sarauniya. A bakin Faruku abin kamar shan ruwa.

Maccido ya fara da bazara. Kafin ya gama jera tsutsotsin, zafi ya busar da su. Ya koma rufe su da jiƙaƙƙen ƙyalle, ƙudan suka share ƙoƙunan tas kamar an wanke. Ya yini yana yi musu faɗa, kafin ya gane tsinken tsintsiyar da yake ɗauka da shi ne ke ji wa tsutsar ciwo. Ya feƙe gashin zabo ya canza. Sai kuma ta bayyana manyan tsutsotsi yake zaɓa, waɗanda suka wuce lokaci, don su kaɗai idonsa ke gani. Mutumin da ya yi shekaru yana rantsuwa idonsa garau, ranar kasuwa ya hau babur ya je Kasuwar Daji ya sayo tabarau, ya hana matarsa Tani ko murmushi.

Yana cikin wannan kwarkwasa ta shiga akwati ɗaya. Ƙudan suka yi fushi suka tashi gaba ɗaya, suka sauka kan darbejiyar maƙwabcinsa Zayyanu, daidai inda yake ɗaure awaki. Zayyanu ya zo da kumburarren kunne ya ce ko zuma ko shi a unguwar. Da ƙyar liman ya sasanta su. Maccido ya kwaso abinsa, ya tsoma ƙafafun teburin akwatunan cikin gwangwanayen baƙin mai don kada kwarkwasa ta sake hawa.

Sai da damina ta kankama, wake da riɗi suka yi fure, ya sake gwadawa, yana ƙara musu ruwan sikari daga na kokon Tani. A wannan karo ƙudan suka karɓi yawancin ƙoƙunan, suka gina su, suka toshe bakinsu. Saura ya raba su kafin su ƙyanƙyashe, sai aka aiko masa rasuwar kawunsa a Shinkafi. Ya tafi da niyyar juyowa washegari, amma hanya ta lalace, direbobi suka ƙi fita sai da rakiyar sojoji. Da ya dawo ya buɗe akwati, sarauniyar da ta fara fitowa ta bi sauran ɗaya bayan ɗaya ta huda ɗakunansu ta kashe su.

Ya zauna a ƙasa, tabarau a hannu.

"Malam, mi ya faru?" in ji Tani daga bakin zana.

"Guda ta cinye min damina. Ni da na ɗauko ta da gashin zabo don kada ta ji ciwo."

Tani ta ce to ya haƙura da abin nan mana, tunda ba shi ke ciyar da su ba. Maccido ya miƙe. Ya yanko ragar tagar ɗakinsa ya naɗa 'yan keji, ya sake jera wasu tsutsotsin, ya sanar da dangi cewa ko sunan wa za a yi, wannan watan ba ya zuwa. Da ɗakunan suka toshe, ya rufe kowanne da kejinsa. Huɗu suka fito lafiya, ya raba ƙudan ya ba kowace nata. Ɗaya ta tashi neman namiji ba ta dawo ba, ɗaya ƙudan suka ƙi ta, biyu suka zauna suka fara saka ƙwai.

Ya kira Tani ta leƙa ta ga ƙwan, farare ƙanana a gindin saƙa. Ta duba, ta yi masa barka, sannan ta tambaye shi yaushe za su sha zuma. Maccido ya ɗaga saƙar ya juya ta. Duk yawan buɗewa da rabawar nan, babu abin da ƙudan suka tara sai na bakinsu.

"Baɗi," ya ce, ya mayar da murfi. "In sun ga dama."