Ƙwallon da Za a Sa wa Baba a Zuciya

Tamale zuwa Kumasi

Ƙarfe biyar saura kwata na asuba muka bar Sakasaka, unguwarmu a Tamale, ni da Baba, ranar Talata, shekaru kaɗan bayan samun mulkin kai. Likitan Tamale ya ce wata 'yar ƙofa a zuciyarsa ba ta rufuwa sosai, jini na komawa baya, sai mu je Ankara, babban birnin ƙasarmu. Ni dai ban gane ba, na gyaɗa kai kawai don ana kirana malamin makaranta.

Baba shi ne mai wankan gawa a unguwarmu, kuma ba ya tafiya sai da likkafaninsa. A shingen 'yan sanda na Salaga, bayan mil saba'in da wani abu, ɗan sanda ya zaro shi daga jaka.

"Tsoho, yadin sayarwa ne?"

"Na komawa gida ne," in ji Baba. Mutumin ya ninke shi da hannu biyu.

A Yeji muka jira jirgin fito awa uku, muka ci tubani na sule. Da magariba muka sauka a zongon Kumasi.

Ankara

Ranar Alhamis ƙarfe goma likita ya ɗora wani abu a tafin hannun Baba: ƙwallo ƙarami cikin kejin ƙarfe. Ya ce shi zai maye gurbin ƙofar, amma sai a ƙasar waje ake sa shi, in mun yarda ya rubuta takarda. In ba a sa ba, kwanan Baba ba yawa. Ni nake fassara wa Baba.

"Tambaye shi, Sulemana, in na mutu wa zai cire?"

Likita ya ce ba a cirewa.

"Shekara arba'in ko zobe ban bar wa mamaci ba. Ni zan shiga kabari da ƙarfe?"

Baba ya ajiye abin ya fita. Na rasa wanda zan ba haƙuri, shi ko likita. Tsoro ya kama ni ƙwarai.

Komawa

Muka sake kwana a Kumasi. A tsakiyar ruwan Yeji, cikin jirgin fito, Baba ya ce, "Na taɓa wanke wani tsohon soja da harsashi a cinya. Ban cire ba."

"Ka yarda ke nan, Baba?"

"Na ce maka na yarda?"

Ranar Asabar da la'asar muka iso gida, mun gode wa Allah da masu masaukinmu na Kumasi. Baba ya huta sau biyu tsakanin ƙofa da ɗaki, sannan ya miƙo mini likkafanin.

"Rubuta wa dokta. Amma in can ne ajali, ban yarda baƙo ya taɓa ni ba. An aiko, gobe da safe akwai gawa a unguwar Kukuo. Kai za ka riƙe buta, ka fara koyon wankan."