Baƙin zanen da na ɗinka wa wake

Yafe musu ya yi, ko so ya yi su ji kunya? Jikata da ke rubuta min maganar nan ta tambaye ni, na ce ban sani ba. Wanda ya sani, maigidana, yana ƙarƙashin ƙasa, Allah ya haskaka kabarinsa.

Shekarun baya, sojoji ba su daɗe da sauka daga mulki ba, wani malamin jami'a ya zo ƙauyenmu da ke kusa da Gummi a kan babur. Asalinsa ɗan Bukkuyum ne, aikinsa binciken tsirrai. Ya nemi wanda zai ba shi aron gefen gona na damina ɗaya. Maigidana ya ba shi, don shi mutum ne mai son ganin sabon abu.

Waken da muke shukawa a tsakanin dawa kowa ya san halinsa. Yaɗo yake yi duk damina, ba ya fure sai ruwa ya kusa ɗaukewa, mu kuwa mun ɗauka ƙarshen ruwan yake jira. Malamin ya ce a'a, tsawon yini yake aunawa. Sai yini ya fara raguwa, dare ya ƙaru, sannan ya yi fure. In aka rage masa yini da gangan, zai yi furen da wuri. Ina bayan zana ina saurare, haƙuri ya gagare ni, na ce, "Ɗan nan, wake ido gare shi?" Ya yi dariya ya ce, "Inna, ai ganyensa duk ido ne."

Ya kawo baƙin yadi mai kauri, ni na ɗinka shi ninki biyu. In na gama sai in ɗaga shi sama in leƙa rana, in na ga ɗigon haske in sake bi da allura. Ba zan ɓoye ba, ranar farko sai da na tofa addu'a kafin in taɓa shi. Suka kafa itatuwa kamar ƙananan rumfuna a kan wasu kunyoyi, suka bar wasu a fili don a ga bambanci. Aikin maigidana shi ne ya rufe rumfunan bayan la'asar, tun da sauran rana, ya yaye da hantsi. Malamin ya ce, "Baba, in aka tsallake, aikin ya ɓaci." Maigidana ya ce ya ɗauki amana.

Yana da amini tun na ƙuruciya, rana ɗaya aka yi musu kaciya, gonakinsu ma iyaka ɗaya. Ana tsakiyar damina mahaifin aminin ya rasu. Maigidana yana cikin waɗanda suka haƙa kabarin, da shi aka ɗauki makara, da shi aka dawo aka zauna a ƙofar gida. Da aka idar da la'asar, liman na shirin addu'a, sai maigidana ya miƙe a hankali ya nufi gona. Ya rufe waken ya dawo kafin magariba. Shi ke nan abin da ya yi.

Washegari a bakin rijiya na fara jin maganar. Wai ya bar makoki ya tafi yi wa wake likkafani, kuma baƙi. Wai wane Musulmi ne ke lulluɓe shuka da baƙin zane ana shirin faɗuwar rana, lokacin da ake shigar da yara gida? Wata ta kalle ni ta ce, "An ce ke kinka ɗinka." Na ce ni ce, in tana so ta kawo nata in ɗinka mata. Na dawo gida na ba da labari. Maigidana ya ce in bar su, waken zai yi bayani da kansa.

Ya kuwa yi. Wata safiya maigidana ya shigo yana murmushi kamar yaro, riƙe da fure ɗaya a tafin hannu. Waken da ake rufewa ya cika da fure, na kusa da shi da aka bari a fili ko alama babu, alhali iri ɗaya ne, rana ɗaya aka shuka. Ya kira mutane su zo su gani, yana zaton magana ta ƙare. Suka zo suka tsaya nesa. Aminin nasa ne ya ce, "Kun gani? Wa ya taɓa ganin waken ga da fure a tsakiyar ruwa? In ba da hannun mutanen ɓoye ba, mi ya sa shi?" Abin da maigidana ya nuna don ya wanke kansa, shi suka riƙe hujja. Ba a kwana biyu ba ya je yayewa ya tarar an tumɓuke waken, an ƙone zannuwan a kai. Guda ɗaya ya tsira, don yana ɗakina ina yi masa faci.

Da malamin ya zo ya ga toka, zama ya yi a kan kunya ya riƙe kai. Daga nan ya je wurin mai gari aka tara maza, ya yi musu bayani tiryan-tiryan, ya ce Allah ne ya halicci waken da wannan hali, shi dubawa kawai yake yi. Nan fa na ga abin da har yau ke ci min rai. Suka yi ta gyaɗa kai, "Ashe haka ne! Allah mai iko!" Suka haɗa masa ƙwan zabi, suka raka shi har bakin hanya. Baƙo mai takarda an yarda da shi a zama ɗaya. Wanda aka haifa a cikinsu, wanda ya haƙa musu kaburbura, babu mutum ɗaya da ya juyo ya ce masa yi haƙuri.

Da kaka ta yi, maigidana ya kira gayyar yankan shinkafa a fadama, kamar yadda aka saba. Na tashi tun asuba na tuƙa tuwo babbar tukunya, na dama fura. Rana ta take, babu wanda ya zo sai ƙanena da ya taso daga Anka. Tuwon nan har ya yi tsami. Na yafa mayafi na tare aminin a ƙofar gidansa.

"Malam, mi ya yi maka? Ba kun ji bayani ba?"

Ya kau da kai ya ce, "Ranar da ubana ya kwanta, wake ya zaɓa."

Na ce, "Da ƙasar kabarin ubanka a farcensa ya tafi rufe waken. Amana ya ɗauka. Da taka ce, haka zai riƙe ta."

Ya shige gida ya bar ni tsaye.

Na daɗe ina juya abin. Ba tsoron aljanu ya hana su zuwa ba, sun san babu. Zuwa gayyar tamkar cewa ne mun yi ƙarya, mun ƙone amanar mutum a banza, sai suka ga gara su bar shi shi kaɗai da shinkafarsa. Shi kuwa bai daina gaishe su ba, bai sauya sahu a masallaci ba. Sai dai ya rage dariya, kuma ya ce ba zai ƙara shuka wake a gonar nan ba.

Kafin wata damina ciwon ajali ya kama shi. Da ya rasu suka cika ƙofar gida har cikin tsakar gida, aminin yana gaba. Na sa aka shimfiɗa musu tabarmi, na ba su ruwa. A saman kansu, a kan igiyar shanya, baƙin zanen nan na rataye da facina a jiki. Har aka tashi aminin bai ɗaga ido ba. An ce min rashin kyautawa ne. Ai ba ra'ayina ba ne. Da nawa ne, da ko tabarmar ba su samu ba.

Maigidana ne ya ce a yi haka. Da yammacin ranar ƙarshe, la'asar ta wuce, ina gyara masa matashi, ya riƙe hannuna ya ce, "Za su zo. In sun zo ki shimfiɗa musu tabarma, ki ba su ruwa. Amma zanen nan kada ki ɓoye shi, ki bar shi bisa igiya."